"Kotu ba ta da hurumi": Me ake nufi, kuma me ya sa kalmar ke cinye shekarun shari'a?

Idan kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙara, wa ya yi nasara? Wannan tambayar ta cika majalisun unguwa da shafukan Facebook ranar 10 ga Janairun 2025, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta ce Babbar Kotun Tarayya ta Kano ba ta da hurumin shiga rikicin masarautar Kano. Wasu suka ce shi ke nan, kotu ta tabbatar da sarki. Wasu suka ce ko kusa, ba a ma taɓa gundarin maganar ba. Kowane ɓangare ya ɗauki gefen da ya yi masa daɗi ya tafi da shi.

Ruɗanin ba laifin jama'a ba ne kawai. A labarai ana cewa "kotu ta kori ƙara" ko "ta yi watsi da ƙara" ba tare da an bambance ƙarar da aka saurara aka ga ba ta da tushe da wadda aka ce an kai ta inda bai dace ba. Alhali tsakanin biyun akwai tazara mai yawa, kuma a cikin tazarar nan ne mutane ke asarar shekaru da dukiya.

Mene ne hurumi?

Tun kafin kalmar ta shiga bakin lauyoyi, Bahaushe ya san hurumi: filin da aka keɓe, wanda ba kowa ke da ikon sa fartanya a cikinsa ba. Ma'anar ba ta yi nisa ba a kotu. Kowace kotu akwai iyakar da doka ta shata mata, kuma alƙali, komai iliminsa da adalcinsa, ba shi da ikon yanke hukunci a wajen wannan iyakar. Abin ba baƙo ba ne a Arewa. A fiƙihu, shugaba na iya naɗa alƙali ya taƙaita masa gari ko irin shari'un da zai saurara. A zamanin En'e ma kotunan alƙalai aji-aji ne, daga A zuwa D, kuma shari'ar kisa ba ta ƙaramin alƙali ba ce.

A Najeriya ta yau, ma'aunin da kusan kowane lauya ke jawowa ya fito ne daga hukuncin 1962 a shari'ar Madukolu da Nkemdilim. Kotu tana da ikon sauraron ƙara idan abu uku sun cika. Na farko, alƙalan da ke zaune su ne waɗanda doka ta yarda su zauna, a adadi da cancanta. Na biyu, batun da aka kawo yana cikin irin batutuwan da aka ba kotun. Na uku, an shigar da ƙarar ta hanyar da doka ta tsara, an kuma cika duk sharaɗin da ake buƙata kafin shigarwa. Idan ɗaya ya faɗi, duk abin da kotun ta yi ya zama aikin baban giwa, ko da shaidu hamsin ta saurara, ko da hukuncin nata daidai ne a kan gaskiyar magana.

Rabon batutuwan yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 251 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya abubuwa irin su kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastam, harkar kamfanoni, jiragen ruwa da na sama, ma'adinai, da ƙalubalantar matakan gudanarwa na hukumomin tarayya. Sashe na 272 ya bar wa Babbar Kotun Jiha faffaɗan fili na sauran rigingimu. Sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha batutuwan aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Daga 2011 kuma, sashe na 254C ya tattara rigingimun aiki da ɗaukar ma'aikata ya miƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A takarda rabon ya fita fes. A aikace, rigima ɗaya takan taka iyaka biyu ko uku, kuma a nan ake kokawar.

Abin da kotu ke yi idan an ce ba ta da hurumi

Wanda ya taɓa zama a bencin baya na kotu ya san yadda abin ke faruwa. Magatakarda ya kira ƙara. Mai ƙara ya gyara zama, shaidunsa biyu da ya biya wa kuɗin mota daga ƙauye suna bakin ƙofa suna jira. Sai lauyan wanda ake ƙara ya miƙe, ya ja rigarsa, ya ce ya shigar da takardar suka, yana roƙon kotu ta fara duba ko tana da hurumi. Alƙali ya tambayi ɗaya lauyan ko an ba shi kwafi. Ya ce jiya da yamma aka kawo masa, yana neman lokaci ya mayar da martani. Aka buɗe kundin ranaku, aka ɗage zuwa wata biyu. Minti bakwai ke nan. Mai ƙara ya fito yana tambayar lauyansa, "To yaushe za a ji bakina?"

Alƙalin bai yi son rai ba. Tsohuwar ƙa'ida ce cewa hurumi shi ne ƙofar shiga, don haka idan an taso da shi, shi ake fara warwarewa. Akwai kuma wasu ƙa'idoji da ke tafiya tare da ita, waɗanda suka sa wannan suka ta fi kowace ƙarfi a hannun lauya.

Kowace kotu, ko ta majistare ce, tana da ikon duba ko tana da hurumi. Wajen dubawar, abin da mai ƙara ya rubuta yake nema shi ake karantawa, ba kariyar wanda ake ƙara ba. Ana iya taso da sukar a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne karon farko, bayan an yi shekara goma ana fafatawa. Alƙali na iya taso da ita da kansa, amma sai ya ba ɓangarorin biyu dama su yi magana a kai. Sannan yarjejeniya ba ta haifar da hurumi: ko mai ƙara da wanda ake ƙara sun haɗa baki sun ce wannan alƙalin muke so, idan doka ba ta ba shi batun ba, yardarsu ba ta ƙara masa komai.

Akwai sassauci ɗaya da kotuna suka yarda da shi. Sun bambanta rashin hurumi na asali da kuskuren hanya. Idan doka ta ce a ba wata hukuma sanarwa kafin a kai ta ƙara, mai ƙara bai bayar ba, hukumar kuma ta yi shiru ta shiga shari'a, ana iya ɗauka ta yafe haƙƙinta. Amma kai rigimar da ba ta kotun ba, wannan ba ya yafuwa.

Ba kullum sukar ke cin nasara ba. A watan Fabrairun 2023, lokacin da mutane ke kwana a layin na'urar cirar kuɗi saboda canjin fasalin naira, jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka nufi Kotun Ƙoli kai tsaye. Gwamnatin tarayya ta ce batun na Babban Banki ne, don haka Babbar Kotun Tarayya ya kamata a je. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujjar. Ta ce rigima ce tsakanin jihohi da tarayya, wadda sashe na 232 ya ba ta ikon saurara tun daga tushe, ta kuma ce tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Abin lura shi ne, an ji sukar da ainihin ƙarar tare, an gama cikin wata guda. Ashe idan an so, ana iyawa.

Daga Muri zuwa Kano

Wanda yake son fahimtar abin da ya faru a Kano sai ya koma 1986, shekarar da gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur. Sarkin ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, ya ce an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam: ba a ji ta bakinsa ba, an kuma tsare shi. Dabara ce mai kyau, domin kundin tsarin mulki ya buɗe ƙofar kare haƙƙin ɗan Adam. Amma a 1989 Kotun Ƙoli ta ce a'a. Ta ce uwar ƙarar ita ce sarauta, maganar haƙƙi reshe ce da ta tsiro daga gare ta, kuma kotun da ba ta da iko a kan uwa ba za ta riƙe reshe ba. Sarauta ta Babbar Kotun Jiha ce.

Shekara talatin da biyar bayan haka, ranar 23 ga Mayun 2024, Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, ya mayar da Muhammadu Sanusi na II kan karagar Kano a madadin Aminu Ado Bayero. Aminu Babba Ɗan'agundi, Sarkin Dawaki Babba, ya nufi Babbar Kotun Tarayya ta ƙofar haƙƙin ɗan Adam, kusan sawu a kan sawu da Sarkin Muri. Cikin 'yan kwanaki umarni suka riƙa fitowa daga kotunan tarayya da na jiha suna karo da juna, har Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi bayani. Sarakuna biyu a gari ɗaya, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a Gidan Nasarawa, kowa da takardar kotu a hannu.

Mai Shari'a Abdullahi Liman na Babbar Kotun Tarayya ta Kano ya ce yana da hurumi ranar 13 ga Yuni, mako guda bayan nan ya soke matakan da gwamnatin jiha ta ɗauka. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan, bisa layin da aka shata tun shari'ar Muri. Abin da ta ce shi ne, kotun da ta ba da umarnin ba ita ce mai ikon bayarwa ba. Wannan ya kawar da umarnin daga hanya, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga ɓangaren gwamnati, amma ba daidai yake da a ce an auna dokar 2024 an same ta da inganci ko rashinsa ba. A watan Maris na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙarar ta dakatar da aiwatar da hukuncin nata saboda an wuce Kotun Ƙoli.

A ganina, darasin Kano ba a kan sarauta yake ba. Tambayar da Kotun Ƙoli ta amsa tun 1989 ce aka sake yawo da ita wata bakwai kafin kotun sama ta maimaita amsar, gari kuma yana zaune a kan ƙaya.

Lokacin da suka ta zama sandar jan lokaci

Masu kare tsohuwar ƙa'ida suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce babu amfanin a kwashe shekara biyar ana jin shaidu a kotun da daga baya za a ce ba ta da iko. Gara a tsaya tun da wuri. Sun kuma ce hurumi ne ke hana mai ƙarfi ya ɗauki abokin rigimarsa ya kai shi gaban alƙalin da ya zaɓa, a garin da ya zaɓa. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ga yadda 'yan siyasa ke tsallake jihohi suna neman umarnin kotu a inda suke da fuska ya san kariyar ba ta wasa ba ce.

Matsalar ita ce yadda aka mayar da ita sana'a. Lauya ya kawo suka, alƙali ya ƙi, ya ɗaukaka ƙara, ya nemi a dakatar da shari'a har sai kotun sama ta yi magana. Daga nan sai Kotun Ƙoli. Shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, ita ce misalin da ya fi fitowa fili. EFCC ta gurfanar da shi a 2007 a Babbar Kotun Abuja. Ya ce kuɗin na Filato ne, don haka kotun Abuja ba ta da hurumi. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta kori wannan hujjar ta ce a koma a fara shari'a. Shekara takwas ba a shiga gundarin tuhuma ba. Da aka shiga, a 2018 aka yanke masa ɗaurin shekara 14. A cikin shekara takwas shaida na iya rasuwa, mai bincike ya yi ritaya, takardu su yi ɓatan dabo.

Wannan ne ya sa aka sauya doka. Dokar Gudanar da Shari'un Laifuka ta 2015, a sashe na 306, ta hana kotu karɓar roƙon dakatar da shari'ar laifi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da sashen a 2017 a shari'ar tsohon kakakin jam'iyyar PDP, Olisa Metuh. Sashe na 396 ya ce sukar da aka yi wa ingancin tuhuma a ajiye hukuncinta sai ranar yanke hukuncin ƙarshe. A harkar zaɓe ma, gyaran kundin tsarin mulki da aka sa wa hannu a 2018 ya ce idan an ƙalubalanci hurumi, kotu ta saurara amma ta riƙe amsarta zuwa ƙarshe. Dole ce ta sa, domin kwana 180 kacal kotun zaɓe ke da su. Wato a waɗannan fagage biyu an juya tsohuwar ƙa'ida: ana jin komai tare, idan an tafi sama a tafi da kaya gaba ɗaya.

Inda gyaran ya ci karo da kundin tsarin mulki

Ba duk gyaran ne ya tsira ba. Dokar 2015 ta kuma ce alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara yana iya dawowa ya ƙarasa shari'ar laifin da ya faro, don kada a koma farko. A kan wannan ne Mai Shari'a Mohammed Idris ya dawo Babbar Kotun Tarayya ta Legas ya ƙarasa shari'ar tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wadda ita ma tun 2007 ake jan ta. Ranar 5 ga Disamban 2019 ya yanke masa shekara 12 kan kuɗi sama da naira biliyan 7. Ranar 8 ga Mayun 2020, a ƙarar da abokin tuhumarsa Ude Udeogu ya ɗaukaka, Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar baki ɗaya. Dalilinta: daga ranar da aka rantsar da mutum a kotun sama, ya daina zama alƙalin kotun ƙasa, kuma dokar majalisa ba ta isa ta ba shi kujerar da kundin tsarin mulki ya ɗauke ba. Sharaɗin farko na Madukolu ke nan.

Kotun ba ta ce ba a ci kuɗi ba, ba ta kuma ce an ci ba. Ta ce wanda ya yanke hukuncin ba shi da ikon yankewa. Amma a bakin titi, abin da aka ji shi ne an wanke Kalu.

Irin wannan tsauri ya kai har kan sa hannu. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba takarda ba ce a idon doka. Ƙararraki da dama sun faɗi a kan haka. Ni dai har yau ban gamsu ba cewa mutumin da bai san bambancin sa hannun lauya da na kamfaninsa ba shi ya kamata ya biya kuɗin wannan kuskure.

Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

Idan kotu ta gano ba ta da hurumi, abin da take yi shi ne cire ƙarar daga jerin shari'unta, ba kashe ta ba. Mai ƙara na iya ɗaukar takardunsa ya nufi kotun da ta dace. Ƙarar da aka saurara har ƙarshe aka yanke ita ce ba a sake dawowa da ita, sai dai ɗaukakawa. Dokar Babbar Kotun Tarayya ma, a sashe na 22, ta ba ta ikon miƙa ƙara ga kotun jiha maimakon korarta, ko da yake ba kowane lokaci alƙalai ke bin wannan hanyar ba.

Sai dai "koma ka sake shigarwa" magana ce mai sauƙi a bakin wanda ba shi zai biya ba. A ɗauki ma'aikacin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, lauyansa ya kai ƙara Babbar Kotun Jiha alhali batun na Kotun Ma'aikata ne. Shekara uku yana zirga-zirga, ya sayar da babur, matarsa ta sayar da 'yan kunnenta, ya ci nasara. A kotun sama lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗaga sashe na 254C, cikin zama ɗaya komai ya rushe. Babba mai kuɗi yana amfani da hurumi ya sayi lokaci, talaka kuwa lokacin ne ba shi da shi.

Ga kuma agogo da ke tafiya. Dokokin ƙayyade lokaci su ma kotuna na ɗaukar su a matsayin maganar hurumi. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a kai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, sai a wasu keɓantattun yanayi. Rigimar zaɓen fid da gwani kwana 14 ce daga faruwar abin. Ƙorafin sakamakon zaɓe kwana 21 ne daga ranar sanarwa. Wanda ya wuce da kwana ɗaya, kotu ba za ta ma buɗe fayil ɗin ta ga ko yana da gaskiya ba.

Shi ya sa tambayoyin da suka fi amfani su ne waɗanda ake yi wa lauya kafin a biya kuɗin rajista, ba bayan an ɗage zama na huɗu ba. Wane sashe ne ya ba wannan kotun ikon jin irin ƙarata? Wanda zan kai ƙara, doka ta ce a ba shi sanarwa tukuna? Kwana nawa suka rage mini? Lauyan da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, zai buɗe littafi ya nuna maka. A rigimar gona da gado kuwa, inda aka fi yin tuntuɓe a Arewa, a tantance tun farko: rabon gado ake nema tsakanin magada, ko kuwa wani ne daga waje yake cewa gonar tasa ce ya saya? Ta farko hanyar ɗaukaka ƙararta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce. Ta biyu, ko da a gaban alƙalin Musulunci aka faro ta, kotunan sama sun sha cewa ba ta cikin jerin sashe na 277, kuma an sha dawo da irinta daga sama bayan gonar ta ga damina goma.